Shawarar da Gwadabe Ya Ba Ni

Talata, 1 ga Maris, 2011, bayan azahar

Yau gidan ya yi shiru. Masu zuwa gaisuwa sun ragu. Hajiya Uwani, mahaifiyar maigidana Malam Isyaku, ta koma gidanta na Goron Dutse da safe, ta ce za ta riƙa leƙowa. Saura ni da ƙanwata Asibi, da Inna ta turo ta zauna da ni har in fita takaba. Makaranta sun ce kada in damu da ajina, an ba wata malama. Shi ya sa na juya bayan littafin darasina nake rubutu, don in ban sami abin yi da hannuna ba sai in yi ta kallon ƙofa.

Na buɗe kwamfutarsa don in nemi hotunan sallar bara. Modem ɗin intanet yana jiki yadda ya bar shi. Garin neman hotunan na danna wani abu mai siffar garkuwa, sai ga wasan nan nasa ya buɗe da kansa. Sunansa na Turanci dogo ne, shi da abokinsa Gwadabe suna ce masa Tsibiri. Shekaru ina faɗa da wasan nan. Tuwo ya sha hucewa a gabansa yana cewa, “Ikram, minti biyar, muna bakin yaƙi.”

Wani mutum na gani a tsaye a ƙofar wani ɗan gida a bakin tafki, da sulke da takobi, da farin doki ɗaure a gefe. An rubuta Barde a saman kansa. Kafin in yi wani motsi rubutu ya fara zubowa a gefen allo, da Hausa: Barde! Ina ka shige? Barde ya dawo! Ranka ya daɗe, mun yi cigiya har mun gaji.

Na rufe kwamfutar da ƙarfi har Asibi ta leƙo.

Laraba, da hantsi

Na sake buɗewa. Ban taɓa komai ba. In an bar Barde a tsaye, kafaɗunsa ɗagawa suke suna sauka. Numfashi yake yi.

Juma’a, 4 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Gwadabe ya kira ni. Tun makarantar allo suke tare da Malam, tare suka buɗe shagon buga takardu a Ƙofar Dawanau, kuma shi ya shigo min da hularsa da wayarsa a leda ranar nan. Bayan mun gaisa ya ce, “Malama Ikram, don Allah wa yake taɓa kwamfutar Isyaku? Wallahi ina shago na ga sunansa ya kunnu, sai da na dafa tebur.”

Kunya ta kama ni. Na ce ni ce, kuma ba zan ƙara ba.

Ya ce a’a, gara ma da na buɗe. Ya yi min bayani a hankali kamar yana koyar da ’yan aji ɗaya. Wai Barde ne shugaban wata runduna da suke kira ’Yan Ganuwa, duk Hausawa ne, daga Kano da Zariya da Maradi da Kumasi, har da ɗalibai a Malesiya. Malam ne ya tara su ɗaya bayan ɗaya. Gidan bakin tafkin shi ya gina shi da hannunsa. In aka daɗe ba a shiga da Barde ba, wasan zai rushe gidan ya ba wani filin.

“Ko ɗan lokaci ne ki riƙa shiga kullum,” in ji shi. “Zan koya miki. Amma akwai ƙa’ida, duk sabon shiga ita muke fara gaya masa. Kada ki amsa wa kowa magana. Kada ki ce ke mace ce, ba ki san irin mutanen da ke ciki ba. Kuma kada ki faɗi abin da ya faru. In abokan gaba suka ji ba mu da shugaba, a mako guda za su tarwatsa abin da ya tara. Ni zan sanar da jama’a idan lokaci ya yi.”

Na ce to. Na yi masa godiya.

Asabar, da yamma

Haruffa huɗu ne na tafiya, maus, wato linzamin kwamfuta, na juya kai. Gwadabe yana waya, ni ina dannawa. Nasa mutumin maharbi ne siriri, sunansa Kibiya, ya zo ya tsaya kusa da Barde yana tsalle don in gane shi. Na yi ta karo da bango. Na faɗa tafki da sulke. Ya ce kowa haka ya fara, shi kansa Malam sai da ya kwana biyu bai san yadda ake hawa doki ba.

Ya ce sabon shiga ba ya gaggawa. A fara da ƙananan ayyuka: kamun kifi, sarar itace, kai saƙon mai gidan burodi. A karanta abin da mutanen gari suke faɗa, kada a yi ta dannawa a wuce. A koyi taswira kafin a koyi takobi. A riƙa yawo da ruwan magani. Na tambaye shi me ya sa Malam ya zaɓi mai takobi. Ya yi dariya ya ce an ba shi zaɓi tsakanin wannan da matsafi, Malam ya ce ko a wasa ba ya tsafi.

Na yi dariya ni ma. Na manta yadda take fita.

A bayan gidan akwai lambu. Ya shuka wani abu mai jan fure a layi-layi. Mutumin da ko tukunyar na’ana’ata bai taɓa ba wa ruwa ba.

Litinin, da safe

Na ba furannin ruwa. Aka ɗauke wuta, batirin ya mutu.

Laraba, 9 ga Maris, bayan la’asar

Laifina ne, na fita ƙofar gari ni kaɗai. So nake in ga abin da ke bayan ganuwarsu. Wasu karnukan daji suka taso min, na rasa wane harafi zan danna, na yi ta juyawa a wuri ɗaya. Barde ya durƙusa. Ya faɗi ta gefe. Allon ya koma toka-toka, aka rubuta kalma ɗaya da Turanci.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Asibi a kaina da ludayi a hannu.

Sai ga shi a tsaye a bakin rijiyar tsakiyar gari, lafiyarsa ƙalau. Haka kawai. A can haka ake yi, a faɗi a tashi.

Na kira Gwadabe. Ya ce Allah ya taimake ni babu kowa a kusa, don wanda ya faɗi a daji yakan zubar da kayan jikinsa, mai wucewa ya tsince. Takobin nan, in ji shi, babu irinsa uku a duk Tsibiri, rundunar gaba ɗaya suka yi wata da watanni suna bin wani dodo kafin su same shi. “Sabon shiga ba ya yawo da kaya masu daraja. Ki kai su rumbun runduna ki ajiye, takobin da sulken da dokin. Sai ki ba ni muƙamin mai mabuɗi, in riƙa lura da su.”

Ya nuna min inda zan danna. Na danna. Barde ya koma daga shi sai ’yar shara da wando. Sai ya fi kama da Malam a haka, kamar in ya dawo daga shago ya tuɓe riga saboda zafi.

Alhamis, da rana

Motar ’yan siyasa ta tsaya a bakin layinmu da lasifika tun safe. Waƙa ɗaya suke ta maimaitawa. An manna hoton ɗan takara a bangon soronmu, a daidai inda mutane suka jingina ranar zaman makoki.

Asibi ta ce, “Yaya, in Hajiya ta shigo ta gan ki a gaban abin nan fa? Mai takaba da wasa?” Na ce ba wasa nake ba, gida nake tsarewa. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa mara lafiya, ta tafi wanke-wankenta.

Lahadi, 13 ga Maris, da hantsi

Akwai wani a cikinsu da bai daina rubuto wa Barde ba. Maharazu sunansa, ɗan Maradi, mai jan baka. Ba a cikin hirar jama’a yake rubutawa ba, shi kaɗai yake zuwa gefe. Barde, lafiya kake kuwa? Na kira wayarka a kashe. In na yi maka laifi ne ka gaya min. Jiya ya rubuto cewa ɗiyarsa Hajo da ke asibiti ta fara cin abinci, ya ce Barde ya ci gaba da yi mata addu’a kamar yadda ya yi alkawari. Yau ya zo har bakin tafki ya tsaya a gabana. Ya yi sallama. Ya jira. Ya sake yin sallama.

Na sa yatsuna a kan haruffa. Amsa sallama fa wajibi ce. Na amsa da bakina, a ɗakina, inda ba zai ji ba.

Da na gaya wa Gwadabe sai ya ce, “Wannan ma shi za ki fi kiyaya. Ya daɗe yana hangen kujerar Isyaku.”

Alhamis, 17 ga Maris, bayan azahar

Hajiya ta zo da dambu. Duk hirarta Gwadabe. Shi yake buɗe shago, shi ya kai mata maganin hawan jini, shi yake ta shirye-shiryen sadakar arba’in. “Ɗan albarka,” in ji ta. “Allah bai bar ni haka ba.” Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa.

Bayan ta tafi ya kira. Ranar Asabar akwai babban yaƙi, za a kawo wa ganuwarsu hari, kuma shugaba ne kaɗai yake iya buɗe ƙofa da ba da umarni. Ni ko karen daji ban iya ba. Ya ce in ba shi aron shugabancin na yini ɗaya, ranar Lahadi ya maido wa Barde.

Wasan ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na karanta masa Turancin, har da inda aka ce ba a warware wannan. Ya ce, “Haka suke rubutawa a komai. Danna kawai.”

Asabar, da yamma

An ce sun ci yaƙin. Na gani a hirar jama’a, ana ta yi wa Kibiya kirari. Na ji daɗi. Na ba furanni ruwa.

Lahadi

Bai ɗauka ba. Wataƙila hidimar arba’in ce ta hana Gwadabe duba waya.

Litinin

Bai ɗauka ba.

Talata, 22 ga Maris, bayan la’asar

An yi arba’in. Ta labule na hango Gwadabe yana rabon waina, yana shimfiɗa wa malamai tabarma, hularsa a karkace saboda aiki. Na aika Asibi ta ce masa in ya sami sarari ina son magana. Ya ce mata to.

Har aka naɗe tabarmi bai sami sarari ba.

Laraba, 23 ga Maris

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Alhamis, da hantsi

Bari in rubuta yadda ya faru, ko na daina maimaita shi a kaina.

Jiya na shiga. Sunan ’Yan Ganuwa da ke ƙarƙashin sunan Barde babu shi. Hirar runduna ta rufe, rumbu ya ƙi buɗuwa. Na ɗauka modem ne. Na taka zuwa tsakiyar gari, sai na ga rubutu a hirar kasuwa, inda kowa ke gani. Ga shi nan. Ga ɓarawon. Allah ya isa tsakaninmu da kai. Mai cin kayan mamaci.

A cikin zagin na tsinci labarin. Ranar Litinin Gwadabe ya tara su ya sanar da su rasuwar. Ya ce musu an sace kwamfutar a cikin hayaniyar makoki, wanda ke yawo da Barde tun farkon wata ɓarawo ne. Ya ce su duba da kansu: yaushe Barde ya taɓa ƙin amsa sallama? Yaushe ya taɓa karo da bango? Ya ce da dabara ya lallaɓi ɓarawon ya ceto takobi da doki da shugabanci kafin a sayar da su.

Na rubuta: Ni ce matarsa. Sai da na goge na sake.

Wani ya amsa: Kibiya ya ce haka za ka ce.

Wani ya ce: Matarsa tana takaba, ɗan iska. Ka ji tsoron Allah.

Suka ja Barde da wata igiya ta wasan zuwa wajen ƙofa. Ya faɗi. Ya tashi a bakin rijiya, suka sake ja. Maharazu mai jan baka yana kan rufin gidan burodi, kibiyarsa ce take fara isowa. Ban rufe ba. Ban san me ya sa ban rufe ba. Na zauna ina kallo ana kashe shi yana tashi, ana kashe shi yana tashi, har aka ɗauke wuta.

Juma’a

Kada ki amsa wa kowa. Kada ki ce ke mace ce. Kada ki faɗi abin da ya faru.

Ni da nake koya wa yara fahimtar karatu.

Asabar, 26 ga Maris, bayan azahar

Da wayar Asibi na kira, shi ya sa ya ɗauka. Ina jin injin hoto yana aiki a bayansa.

Na ce, “Malam Gwadabe, me na yi maka?”

Ya ce, “Malama Ikram, wasa ne fa. Wasan yara. Ke da ke cikin wannan hali, me ya haɗa ki da shi?”

Na ce in wasan yara ne me ya sa ya yi min ƙarya a kansa.

Sai muryarsa ta canza. Ya ce shi ya fara gano wasan nan, shi ya nuna wa Isyaku. Rabin mutanen rundunar shi ya koya musu tafiya. Daren da aka kashe dodon nan shi ya tsare baya, amma da takobi ya faɗo kowa ya ce a ba Barde. A shago ma haka, kowa ya shigo sai ya ce ina mai shagon, alhali tare suka sayi injin farko. “Ban taɓa cewa komai ba. Abokina ne, ina son sa, Allah ya sani. Amma yanzu ba ya nan. In bar wa wa? Ke?”

Na ce, “Da ka roƙa da na ba ka. Wallahi da na ba ka duka. Gidan kawai nake so.”

Abin da ya ce shi ne, “Ni dai shawara zan ba ki. Ki bar maganar nan a nan. In ta fita, mutane ba za su tambayi wa ya ɗauki takobi ba. Cewa za su yi matar Isyaku tana takaba tana wuni a cikin maza a kwamfuta. Ki tuna da Hajiya da hawan jininta.”

Shawara. Har yanzu shawara yake ba ni.

Lahadi, da safe

Na shiga da sassafe lokacin ba kowa. Sun tattake lambun. Na zauna da shi a bakin tafki, ba mu yi komai ba.

Talata, 29 ga Maris

An rufe. Na sa hannu kamar kullum sai wani akwati ya fito: an dakatar da wannan asusu saboda rahotannin sata da aka samu. In ni ce mai shi, in amsa saƙon da suka tura imel ɗinsa. Imel ɗinsa a kwamfutar shago yake buɗe. Ni ban san lambar sirrinsa ba, ban taɓa tambaya ba.

Na gwada sunana. Na gwada sunan Hajiya. Na gwada ranar aurenmu. Na gwada Yakasai, sunan unguwarmu.

Laraba

Na gwada.

Alhamis

Asibi ta ɓoye modem ɗin a cikin garwar gero. Na gan shi, na bar shi a can.

Wancan karon, ranar rasuwarsa, aƙalla an yi min sallama, an zaunar da ni, an riƙe hannuna kafin a faɗa. Wannan akwati ne da maɓalli ɗaya.

Talata, 5 ga Afrilu, bayan la’asar

An yi sallama a soro da hantsi, murya ce da ban sani ba, Hausarsa ta mutanen Nijar. Asibi ta dawo ta ce wani Alhaji ne daga Maradi, ya kawo kaya kasuwar Dawanau, ya yi ta tambaya a Yakasai har aka nuno masa gidan. Sunansa Maharazu. Ya zo ta’aziyya.

Na sa hijabi na zauna a bayan ƙyauren soro, Asibi tana tsaye a tsakani. Ta tsagar ƙofa na ga ƙafafunsa da bakin rigarsa. Da ya zauna na ga ashe dattijo ne, da furfura a gemu. Ya yi addu’a mai tsawo. Ya ce bai taɓa ganin Malam Isyaku da ido ba, amma da ɗiyarsa ta kwanta, shi ne mutumin da ya fi kowa kiran sa. Ya yi kuka, yana ba da haƙuri yana kuka.

Sai ya ce, “Malama, akwai abin da zan gaya miki ko zuciyarki ta yi sanyi. Ɓarawon da ya ɗauki kwamfutarsa, mun yi maganinsa. Ni da hannuna na hana shi sakat. Ni na bi jama’a ɗaya-ɗaya na ce su kai ƙara har aka rufe.”

Asibi ta juyo tana girgiza min kai.

Na ce, “Alhaji, a kan rufin gidan burodi ka tsaya, da jan baka.”

Ya ɗago kai.

Na ce, “Ranar da ka zo bakin tafki ka yi sallama sau biyu, na amsa. Ba ka ji ba ne. Yaya jikin Hajo?”

Na sa Asibi ta ɗauko kwamfutar ta ajiye a gabansa, da tabon shayin Malam a murfinta. Ta tono modem daga cikin gero. Ya ga akwatin da idonsa. Na gaya masa komai tun daga ranar Juma’ar da Gwadabe ya fara kira na. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, “Innalillahi. Mi na yi? Mi na yi haka?” Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce in yafe masa. Na ce shi ba shi da laifi a wurina, abokinsa yake karewa.

Na tambaye shi ko shawarwarin da aka ba ni ƙarya ne. Ya ce a’a, shi ne abin takaicin. Duk sabon shiga ana ce masa ya ɓoye kansa, ya ajiye kaya a rumbu, kada ya fita daji shi kaɗai. “Amma akwai wadda ake fara faɗa kafin su duka, Barde da kansa yake faɗa wa kowa. Kada ka koyi wasan nan a bakin mutum ɗaya. Ka tambayi wannan, ka tambayi wancan. Wanda ya ce kada ka yi magana da kowa sai shi, to shi ne.”

Ya ce daga nan shagon Ƙofar Dawanau zai wuce. Na ce don Allah kada ya yi faɗa. Ya ce ba faɗa zai yi ba, so yake ya ga fuskarsa.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Maharazu ya kira wayar Asibi daga hanya. Ya gaya wa runduna. Wasu sun yarda sun fita tare da shi, wasu sun ce tsoho ya ruɗe, mace ta yi masa kuka. Takobi da doki da shugabanci suna wurin Gwadabe, wasan bai san wata shari’a ba bayan abin da aka danna. Ya roƙe shi ya buɗe imel ɗin a maido da Barde. Gwadabe ya ce an goge kwamfutar shago, ƙwayar cuta ta shige ta.

Gidan bakin tafki ya rushe. Wani ya riga ya kafa tanti a filin.

Na tambaye shi me Gwadabe ya ce da ya gan shi. Ya ce kujera ya ba shi, ya aika a sayo masa lemo.

Lahadi, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Jiya an yi zaɓe, gari tsit, ba mota ba babur. Na wuni ina tunanin abin da ya rage wa Gwadabe a kaina. Abu ɗaya ne: kada Hajiya ta ji. To gara ta ji a bakina.

Ta zo yau da hantsi. Na bari ta sha ruwa, na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Na ce na yi makonni ina shiga wasan Malam a cikin takabata. Na faɗi abin da Gwadabe ya koya min, da abin da ya karɓa, da sunan da ya sa aka kira ni, da abin da ya ce mutane za su faɗa. Ban san nawa ta fahimta ba. Takobi, runduna, rumbu, duk ta bar su sun wuce. Carbinta ya tsaya a hannunta. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ta ce, “Wannan mutumin na ciki. Shi Isyaku ne ya yi shi?”

Na ce shi ya yi shi. Shi ya zaɓi tsayinsa da fuskarsa da komai.

“Yana kama da shi?”

Na ce ta kafaɗu. Da yadda yake tsayawa.

Ta gyara zama, ta jawo mayafinta, ta goge idonta da gefensa kamar mai shirin karɓar baƙo. Ta ce, “Kunna min in gan shi.”

Ashe ana iya ɗaukar hoton allo. Maɓalli ɗaya ne, Asibi ce ta gaya min ɗazu. Makonni ina zaune a gabansa, babu wanda ya koya min wannan.

Na kunna mata duk da haka, don na kasa faɗa da baki. Akwatin ya fito. Ta matso da fuskarta kusa, ta dube shi, ta dube ni. Na ce an rufe, Hajiya. Ba ya nan. Ta sa tafin hannunta a kan allon ta bar shi a wurin.

Muna haka aka yi sallama a soro. Muryar Gwadabe ce, ya biyo ta da maganinta kamar yadda ya saba, yana tambaya ko Hajiya tana ciki. Asibi ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran abin da za a ce.

Hajiya ba ta ɗauke hannunta ba. Ta ce, “Ki ce masa ina ciki. Ki ce ina wurin ɗana. Ki ce ya tafi da maganinsa.”